Ɗorawa Ba Don Miyarku Ta Haifi Kalwa Ba

Na san halinku, jama'a. Tun daga kanun nan wasu sun taɓe baki. Ɗan boko ya gyara zaman tabarau yana cewa, "Ana fama da tsadar taki da fetur, shi kuma wannan ya rasa abin rubutawa sai 'ya'yan ɗorawa." Hajiya tana can tana dariya, wai yau ga wanda zai koya mata kalwa, abin da ta buɗi ido ta tarar kakarta tana surfawa. Alhajin Dawanau bai ce uffan ba, jira yake ya ji ko zancen yana da riba, in babu ya juya shafi. Mai maganin bakin tasha kuwa har ya gyara lasifika, don a wurinsa duk abin da itace ya haifa waraka ne. To ku matso duka. Kowa da rabonsa a nan, kuma ba zan yi rabon son kai ba.

Bari in fara da abin da zai ɓata muku rai gaba ɗaya. Abin da ɗorawa ta tanadar wa baki shi ne garin nan nata mai zaƙi, wanda sukari ya yi wa yawa, ga kuma bitamin C. Lada ne take biyan biri da yaron makiyayi, su tsotse su yar da ƙwallon nesa da gindinta. Ita kuwa kalwar da ke ciki, an ƙera ta ne don ta ƙi ruwa, ta ƙi haƙori, ta kuma ɓata cikin duk wanda ya matsa mata. Saboda haka duk ranar da ka sha miyar kuka da daddawa, ganima ka ci, ta yaƙin da mata suka yi nasara tun kaka da kakanni.

Kafin mu shiga ciki, a san dangi. Ɗorawa, tsamiya, gawo, bagaruwa, ƙirya, taura, kawo, maje, kargo, madobiya, duk gidansu ɗaya da wake da gyaɗa da gurjiya. Eh, Malam, gyaɗar da ke ɓuya a ƙasa da tsamiyar da kake tsoron bi ta gindinta da tsakar rana 'yan'uwan juna ne. Masana tsirrai suna kiran gidan Fabaceae. Yana da iri sama da 19,000, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure, kuma galibi da kwasfa ake gane 'ya'yansa. A littattafansu ɗorawa ita ce Parkia biglobosa. Wani masani Robert Brown ne ya raɗa wa zuriyarta Parkia a 1826, a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton, wato Clapperton ɗin nan da ya zo Kano da Sakkwato a 1824 har ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi haka ne don tunawa da Mungo Park, wanda ruwan Kwara ya ci a Bussa a 1806. Itacen da mata suka yi wa hidima shekaru aru-aru, ga shi da sunan baƙon da ya bi ta gindinsa ya wuce. Hajiya, ki yi haƙuri, ba a gayyace ni sunan ba.

Yanzu ɗauko kalwa guda, wankakkiya, busasshiya, ka ɗora a tafin hannu. Tsawonta santimita ɗaya ne ko da 'yan kai, launinta ƙasa-ƙasa mai duhu, tana sheƙi. Karkata ta wajen haske. A kowace fuska za ka ga wani siririn zane ya kewaye tsakiyarta, bai haɗe ba ta wajen kai. Zanen nan yana jikin 'ya'yan gawo da bagaruwa da ƙirya, yana cikin alamun da ake gane wannan reshe na dangin da su. A tsinin ƙwayar akwai ɗan tabo, cibiyarta ke nan, inda take maƙale da kwasfa tana shan abinci daga uwa. Dab da cibiyar ta gefe ɗaya akwai wata 'yar kafa da ido ba ya kamawa sosai, saiwa tana kwance a bayanta. Ta ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan tudu, ka riƙe shi a ka, zan dawo kansa. Na hango wani Bazazzagi ya kai ta baki zai gwada haƙori. Ajiye, ɗan'uwa, likitan haƙori ba ya ba da bashi.

Abin da zai karya masa haƙorin ga shi. Da za a yanki ɓawon siriri a sa a madubin ƙara girma, za a fara ganin wani shafe mai maiƙo a waje. Bayansa sai sahu guda na dogayen ƙwayoyin halitta a tsattsaye, kamar karan danga da aka jera aka ɗaure tam, ko tsako ba zai zura kai ba. Bangonsu ya yi kauri har ya kusa cinye cikinsu, an kuma cusa musu abubuwan da ruwa ba ya jiƙawa. Ana kiran su da sunan Marcello Malpighi, likitan Italiya na ƙarni na 17 da ya shahara da leƙen jikin tsirrai da dabbobi a madubi. A ƙarƙashinsu akwai sahu na biyu, masu faɗin kai da faɗin gindi da siririn ƙugu, da iska a tsakaninsu. Duka-duka ɓawon bai kai kaurin milimita ɗaya ba, amma ruwa ya kwana a kansa ya tashi bai shiga ba.

Ɗan boko ya ɗaga hannu. "To in ƙwaya ba ta shan ruwa, ta yaya za ta tsiro? Ai wannan wauta ce." Sannu, Yallaɓai. Je ka tambayi manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sannan sama ta ɗauke ƙafa mako uku. Itatuwan nan suna zubar da 'ya'ya ne a rani da bazara. Da dukansu za su amsa kiran yayyafin farko, da rana ɗaya ta isa ta ƙone zuriyar shekara guda. Shi ya sa ɓawon ba ya buɗewa lokaci ɗaya: wata bana, wata baɗi, wata sai an manta da ita. Bagaruwa da gawo ma sun fi ɗorawa ƙwarewa a wannan taurin kai.

In kana ganin gishiri na ƙara, ga labarin da ba a Kano aka ƙulla shi ba. A watan Satumba na 1940 jiragen Jamus suka jefa bam a gidan adana kayan tarihin halittu na Landan, sashen tsirrai ya kama wuta, 'yan kwana-kwana suka yi ta feshin ruwa. Cikin kayan da suka jiƙe akwai 'ya'yan wani itace ɗan gidan nan, Albizia julibrissin, waɗanda aka tsinto a ƙasar Sin a 1793. Daga baya sai ga wasunsu sun tsiro. Shekara 147 suna kwance a akwati ba ci ba sha. Kai da ake ce maka ka jira albashi kwana goma kake tada jijiyar wuya, ka ji masu haƙuri.

Asirin wannan doguwar rai bushewa ne. Ƙwayar da danshinta ya yi ƙasa sosai, numfashinta yakan ragu har ya kusa tsayawa, ba ta ƙone guzurinta. A reshen da wake da minjirya suke, cibiyar ma aiki take yi. Wani masani a Niyu Zilan mai suna Hyde ya nuna a 1954 cewa tsagar cibiyar tana buɗewa idan iska ta bushe, danshin ciki ya fita, ta kuma rufe idan iska ta yi laima. Wato ƙofa ce ta fita kaɗai. Ta shiga kuwa ita ce ɗan tudun nan da na ce ka riƙe. A nan ne ɓawon ya fi rauni. Zafin rana da sanyin dare suka yi ta dukansa, ko wutar daji ta bi ta kansa, ko aka zuba masa ruwan zafi, sai ya ɓalle, ruwa ya sami hanya. In ya buɗe kuma ya buɗe ke nan, ba ya komawa.

Gawo yana da wata dabarar. Yana zubar da kwasfa a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu da awaki da raƙuma su yi rububi. Wasu ƙwayoyin haƙori ya niƙe su, wasu kuma su bi ta ciki su fito lafiya, nesa da uwa, a tsakiyar takinsu. Tafiyar tana kuma raba su da ƙwarin da ke huda su a gindin itace, dangin ƙwaron nan da ke mayar da buhun wake gari. Baffa Bafulatani, kai da kake cewa noma ba aikinka ba ne, garkenka ya daɗe yana shuka gawo ba wanda ya biya ka ko sisi. Wanda ya ratsa gonakin Damagaram da Maraɗi ya ga gawo reras a cikin gero, ya san aikin ba ƙarami ba ne.

To Hajiya, kin ga dalilin da kalwa ke cin itacen wuta. Ba mugunta ba ce ta sa kakarki take ɗora tukunya da yamma ta kwana tana ƙara ruwa tana tura itace, awa 12 ko ma yini da kwana, wani lokaci da ɗan kanwa ko toka don ɓawon ya yi saurin saki. Sahun Malpighi take rushewa, ko da yake ba su taɓa gaisawa ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, ni kuwa ina zargin mai daddawa suka gani. Daga tukunya sai turmi, a surfa da yashi ko toka, a kai bakin ruwa a wanke a kwando, ɓawo ya taso ya tafi, abin da ake nema ya zauna a ƙasa.

Abin da ya zauna ɗin ɓari biyu ne, farare-farare, da ɗan mitsitsin tsiro a maƙale tsakaninsu, kansa ganye, gindinsa saiwa. Ɓarin nan biyu su ne ganyen farko na itacen, su ne kuma guzurinsa har ya sami ƙarfin ciyar da kansa da hasken rana. Wajen kashi 30 cikin 100 na kalwa furotin ne, mai kuma ya kai kashi 15 zuwa 20, sitaci bai taka kara ya karya ba. A gwada da wake, mai furotin wajen kashi 24 da mai da bai wuce kashi 2 ba, ko gero da dawa masu furotin kashi 10 zuwa 12. Mafi yawan furotin ɗin iri biyu ne, legumin da bisilin, a dunƙule cikin 'yan jakunkuna a kowace ƙwayar halitta. Furotin kuwa sarƙa ce ta abin da ake kira amino asid. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, laisin, kalwa tana da shi a wadace. Kalwa tana da ƙarancin metiyonin, hatsi yana da shi. Tuwon dawa da miyar daddawa kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sai dai kada mai gida ya ji wannan ya daina cefanen nama. Dunƙule ɗaya a tukunyar mutum goma ɗanɗano ne da ɗan taimako, ba sa ba ne. Hajiya, kar ki yarda ya kafa hujja da ni.

Ɗan boko ya sake miƙewa, ya tuna darasin sakandare: "Ai duk dangin wake suna da ƙululu a saiwa, bakteriya na ciki suna kamo musu naitirojin daga iska, shi ya sa furotin ya yi musu yawa." Ka ci rabin maki. Gawo da bagaruwa da ƙirya suna da ƙululun. Ɗorawa da tsamiya ba su da shi, daga ƙasa suke tsotso nasu. Tun da kana son lissafi, ga kuma wata. Alƙaluman furotin da kake gani a takarda, yawanci ba furotin aka auna ba. Naitirojin aka auna, ta hanyar da Johan Kjeldahl ɗan Denmak ya fito da ita a 1883, aka ninka da 6.25. Matsalar ita ce 'ya'yan wannan gida sun iya ɓoye naitirojin a cikin abubuwan da ba abinci ba ne, wasu ma guba ne tsagwaro. Sai ka ga takarda ta ce ƙwaya kaza tana da furotin kashi kaza, akuya ta ci ta kwanta.

Mai maganin tasha, kashe lasifikar, layinka ya zo. Ƙwayar da ta tara wannan dukiya ba za ta bar ta ba gadi ba. Ɗanyun 'ya'yan gidan nan suna ɗauke da wani furotin da ke ɗaure tirifsin, enzayim ɗin da hanji ke narkar da furotin da shi, sai mutum ya ci ya tashi a tutar babu. Akwai lektin, mai maƙalewa a bangon hanji ya jawo amai da zawo. Akwai tanin, wanda ya fi taruwa a ɓawo, shi ke ba shi duhu, shi ke sa bauri a baki. Aikinsa kama furotin ya ƙanƙame, kuma da wannan halin nasa majeman Kano da Sakkwato suke jeme fata da kwasfar bagaruwa, magina kuma suke ƙarfafa daɓe da makuba. Ka dai ji abin da yake yi wa fatar akuya. Akwai fayitet, ma'ajiyar fosfaras ta ƙwaya, mai riƙe sinadarin ƙarfe da zinki ya hana jiki ɗauka. Sannan akwai wasu sukari biyu, rafinos da sitakiyos, waɗanda hanjin ɗan Adam ba shi da enzayim ɗin fasa su. Sukan wuce har babban hanji, bakteriyar can su yi walima, sakamakon kuwa duk wanda ya taɓa shiga motar Kano zuwa Jos da fasinjan da ya karya kumallo da wake ya san shi. Ba sai na faɗi suna ba, mai abin ya sunkuyar da kai.

Waɗannan masu sauƙin hali ke nan. Idon zakara, 'yar jar ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da yara ke wasa da ita, 'yar gidan ce, ko da yake uwarta mai yaɗo ce, ba itace ba. A cikinta akwai abirin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da tsiro ke yi. Sau da yawa wanda ya haɗiye ta ɗungurungum ɓawon ne ke cetonsa, ta wuce ba ta fashe ba. Wanda ya tauna kuwa, sai asibiti da gaggawa. Kyanta ba shaida ba ne, a raba yara da ita. Ga kuma Leucaena, itacen Meziko da aka yaɗa a ƙasashe masu zafi don kiwo da gyaran gona. 'Ya'yansa da ɗanyen ganyensa suna da mimosin, amino asid ɗin da ba ya shiga furotin, wanda ke zubar wa doki gashin wutsiya in ya ci da yawa. Shanun Ostareliya sun sha wahalarsa, har wani masani Raymond Jones ya lura awakin Hawai suna ci ba abin da ke samun su. A farkon shekarun 1980 aka ɗebo bakteriyar tumbinsu aka kai wa dabbobin Ostareliya, matsalar ta yi sauƙi. A can Ostareliyar kuma akwai wani babban itace ɗan gidan, Castanospermum, mai manyan 'ya'ya masu guba. 'Yan asalin ƙasar ba su tsaya yi masa kirari ba. Gasawa suke yi, su yayyanka, su jiƙa a ruwa mai gudu kwana da kwanaki, sannan su daka su ci. Duk inda mutane suka ci 'ya'yan itatuwan nan suka wanye lafiya, ka bincika, akwai wahalar da aka sha a tsakani. Saboda haka garin ɗanyar ƙwayar da kake ƙullawa a leda kana cewa "ai daga itace yake", Malam, guba ma daga itace take.

Mu koma wurin mai daddawa, mu ga yadda ta bi masu gadin nan ɗaya bayan ɗaya. Surfe ya tafi da ɓawo da mafi yawan tanin. Tafasa ta kashe lektin da mai ɗaure tirifsin, don su ma furotin ne, zafi yana lalata su. Jiƙo da wanki sun rage fayitet. Saura mataki na ƙarshe, wanda ɗan boko ke toshe wa hanci. Takan sake dafa ɓarin, ta tsane, ta juye da zafinsa a kwando ko ƙwarya da aka shimfiɗa wa ganye, ta rufe, ta lulluɓe da buhu, ta tura lungu mai ɗumi. Ba ta zuba yis, ba ta zuba komai. Tafasar ta riga ta kashe yawancin ƙwayoyin da za su ɓata aikin, ta bar wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis, wadda ke da dabarar ƙudundunewa ta jure zafi, kuma tana nan a kwandon da ganyen. Bayan kwana biyu ko uku, in ta ɗaga buhun, ɗumi ne zai fara bugun hannunta. Ƙwayoyin sun yi laushi, sun yi duhu, in ta ɗebo sai ka ga yauƙi yana bin yatsunta zare-zare, warin kuma ya sanar da maƙwabta ba sai an aika yaro ba. Daga nan sai kirɓi, a mulmula, a faffaɗa, a shanya har ta yi baƙi.

Abin da ya faru a ƙarƙashin buhun shi ne bakteriyar ta saki enzayim ɗinta, suka daddatsa dogayen sarƙoƙin furotin suka mayar da su amino asid da jiki ke ɗauka ba wahala. Ta cinye yawancin sukarin nan masu kunyata fasinja. Ta kuma saki amoniya, wadda ke juya abin ya koma ɓangaren kanwa maimakon tsami, yanayin da ƙwayoyin ruɓa da yawa ba sa jurewa. Warin da kake gudu, Yallaɓai, har da amoniyar a cikinsa, kuma yana cikin abin da ke tsare daddawar. Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka bi diddigin wannan aiki a farkon shekarun 1980. Yarbawa suna ce mata iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Senegal netetu. A Japan kuwa, da wannan bakteriyar dai suke yin natto da waken suya, yauƙi da wari duk suna nan, su ci da shinkafa da safe su tafi su ƙera motar da kake taƙama da ita.

Cikin amino asid ɗin da ke kuɓuta har da gulutamet, shi ne mai sa miya ta zauna a harshe. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa gulutamet ne ke ba da wannan ɗanɗano, kuma shi ne jigon dunƙulen da kake murzawa a miya kana jin ka waye. Kai har Julius Maggi na Suwizalan, kafin ya fito da dunƙule a 1908, da garin wake da danginsa ya fara a shekarun 1880, don ma'aikatan masana'antu su sami abinci mai gina jiki. Ka ga duk inda ka gudu, gidan wake ka koma. Amma zan ba ka gaskiyarka guda: daddawar da aka shanya a bakin kwata, ƙuda na sauka kaji na bi, ba kimiyyar da za ta wanke ta. Tsaftar hannu da ruwa da wurin shanya wajibi ce. Ka yi faɗa da ƙazanta, ka bar wari ya sarara.

Alhaji, na ga kana hamma. Farka, an zo wajen kuɗi. Ba kowane ɗan gidan nan ne ke ajiye guzurinsa a furotin da mai ba. Tsamiya da taura da kawo suna kauraro bangon ƙwayoyin halittar ɓarinsu ne da wani dogon sukari mai suna zailogulukan. Ƙwallon tsamiyar da ake zubarwa bayan an dama kunu, gasa shi ɓawon ya fashe, za ka ga farar tsakiya mai tauri, fiye da rabinta wannan abu ne. Niƙa ta ka zuba a ruwan zafi, sai ya yi kauri ya yi danƙo. Tun shekarun 1940 masaƙun Indiya suke shafa wa zare garinta don ya yi ƙarfi kafin saƙa, Japan kuma tana tace shi tana sa wa a kayan abinci. A kasuwannin kudu maso gabashin Najeriya, garin ƙwallon taura shi ne ofo, na kawo shi ne akparata, da su ake kaurara miya. Ƙirya kuma tana da wani shimfiɗi tsakanin ɓawo da ɓari, mai suna galaktomanan, wanda ke shan ruwa ya riƙe wa ɗan tsiro, ko ƙasa ta bushe bayan yayyafi. Igala da Idoma suna daddawa da ɓarinta, okpehe. Irin wannan danƙon, na itacen kharub na bakin tekun Bahar Rum, shi ne E410 da ake rubutawa a jikin robar askirim, na 'ya'yan tafasa kuma E427. Eh, tafasar bayan gida da awaki ma ke yi wa yanga. Kana sayen askirim da tsada, ɗan'uwan abin da ya kaurara shi yana juji a ƙofar gidanka.

Har yanzu ina jin gunaguni daga baya, wai duk zancen takarda ne. Madalla, gani ya kori ji. Ku samo 'ya'yan bagaruwa 20 masu lafiya, waɗanda ƙwaro bai huda ba, ku raba biyu. Goma ku ɗan ƙwarzane su da abin yanke farce, ta gefen da ke nesa da cibiya, daidai yadda farar tsakiyar za ta leƙo. Goma ku bar su yadda suke. Ku zuba kowane kashi a kofinsa da ruwa, ku je ku kwanta. Da safe waɗanda aka ƙwarzana za su kumbura su yi laushi, sauran kuwa yawancinsu suna nan ƙememe, ko gezau. Haka masu renon itatuwa suke yi, wasu da ruwan zafi, manyan wurare da asid.

In kun gama da bagaruwa, ku maimaita da kalwa, don a nan ne bukatar take. Ku dubi ɗorawar gonakinmu, yawancinsu tsofaffi ne. 'Ya'yan muna kwashewa kakaf zuwa tukunya, wadda ta kuɓuta ta tsiro akuya ta daddage, uwar kuma mai gawayi yana zagaya ta yana auna kaurinta da ido. Ba banza daddawar waken suya ta cika kasuwa ba. Ɗorawa kuwa takan ɗauki shekara 5 zuwa 10 kafin ta fara haihuwa. Ga sharaɗina: wanda ya gwada ya ga ƙarya na yi, ya rubuto wa edita, ni zan biya shi kuɗin bagaruwarsa har da na kofi. Wanda kuwa ya wayi gari ya tarar da kalwa ta kumbura a kofinsa, to bashi ya hau kansa, don ba ta komawa barci. Ya nemi fartanya, ya haƙa rami a gona, ya kewaye da ƙaya. Bazazzagi kuma a sa masa ido, kada ya cinye ta a hanya.